Gonar Raken da Na Jinginar Don Digiri

Shekara goma sha tara na yi a bayan tagar ba da kati a wani asibiti a ƙasar Ikara. Aikina a tsare yake: mara lafiya ya faɗi sunansa, in nemo katinsa, in rubuta shi a rajista, sannan ya wuce wurin likita. Don haka da na yi niyyar karanta digirin gudanar da asibiti, wanda ake zama sakataren asibiti da shi, ban faɗa da ka ba. Na ɗauki biro da takarda.

Na farko, na rubuta kuɗin makaranta na shekara huɗu, karatun ƙarshen mako, da kuɗin mota zuwa Zariya da dawowa. Na biyu, bambancin albashina da na mai digiri. Wannan ban yi ƙiyasi ba, sai da wani abokin aiki ya nuna mini takardar albashinsa. Na uku, inda kuɗin zai fito. Banki ban je ba saboda kuɗin ruwa. Abin da na mallaka gonar rake ce a fadama wajen Kudan, gadon mahaifina. Na yanke shawarar jinginar da ita ga ɗan wan babana, wanda nake kira Yaya: ya ba ni kuɗi, ya riƙa noma ta yana cin amfanin, ranar da na biya ta dawo hannuna. A lissafina, ƙarin albashin zai fanshe ta cikin shekara uku.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Da furfurar nan a gemunka za ka koma aji? Yara su ce maka Baba, malami ya ce maka Baba?”

Na ce, “Yaya, na yi lissafi.”

Ya ce, “Ai kai ko tuwo za ka ci sai ka yi lissafi. Kira shaidu.”

Na sanar da shugaban asibitinmu a ofishinsa. Ya yi murna ƙwarai, ya ce, “Je ka, Allah ya ba da sa'a. Ranar Juma'a zan sa wani a tagar.” Ya cika alkawari, ban taɓa rasa darasi saboda aiki ba.

Shekara huɗu na yi ina hawa acaɓa zuwa tasha, ina matsuwa a bas, ina karatu a tagar idan layi ya tsagaita. Na gama. Na sa takardar digirin a sabon fayil, na kai ofishin da ke kula da ƙarin girman ma'aikata.

Jami'in ya juya takardun sau biyu. Ya ce, “Malam, ina takardar izinin tafiya karatu?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, shugabana ya ba ni izini.”

“A rubuce?”

“Da baki.”

Ya ce, “Baki ba ya shiga fayil. Sai an rubuta an nema, an amince, sannan a tafi karatu. Wanda ya tafi kafin haka, karatun kansa ya yi. Digirinka mai kyau ne, amma matakin albashinka yana nan inda yake.”

Raina ya ɓaci matuƙa, kuma ban sami wanda zan ɗora wa laifi ba. A makaranta har darasi aka yi mana a kan dokokin aikin gwamnati, a shekara ta uku, na ci shi da kyau. Ban taɓa kawo wa raina cewa dokar ta shafe ni ba.

Shugaban nan ya riga ya yi ritaya ya koma Maƙarfi. Na same shi a zaurensa na yi masa bayani. Ya yi salati, ya ce laifinsa ne. Sai ya rage murya ya ce, “Kawo takarda in rubuta, mu sa kwanan watan wancan lokacin. Ai gaskiya ne na ba ka izinin.”

Na ce, “Yallaɓai, izinin gaskiya ne, kwanan watan ne ba gaskiya ba.”

Ya ce, “To ka zauna da taurin kanka.”

Kwana uku ina juya maganar. Sau ɗaya har na sayi farar takardar. Amma ban koma wurinsa ba.

Na sake lissafi da albashin da nake ɗauka yanzu. Bayan abinci da kuɗin makarantar yara, abin da zan iya warewa ba zai fanshi gonar ba kafin in yi ritaya. Na je Kudan na faɗa wa Yaya haka, ban ɓoye komai ba. Wannan karon bai yi mini tsiya ba. Ya ce a yi wa gonar kuɗi, ya ɗauki ɓangaren da ya yi daidai da bashinsa, sauran ya zama nawa.

Dattawa uku suka zo da igiya suka auna. Kashi biyu cikin uku ya tafi wurin Yaya, har da ɓangaren bakin rafi, inda raken ya fi kauri. Aka kafa turaku a kan sabuwar iyakar, muka yi fatiha, na sa hannu.