Zuwa Kebbe da Yara a Tsakiyar Damina

Ana idar da sallar asuba muka ɗora wa jaki mangala, muka fita ta ƙofar Tambuwal, ni da maigida da yaranmu biyu. Masu tambayata abin da ya fitar da mu a tsakiyar damina, ga amsarku. Wani falke ne ya kawo mini saƙo daga Kebbe cewa idon mahaifiyata yana ta rufewa. Yaron ta gan shi yana jariri, amma yarinyar, wadda aka sa wa sunanta, ba ta taɓa ganinta ba. Mutanen gida suka ce mu jira kaka, hanya ta bushe. Na ce wa maigida idon nan ba zai jira girbi ba. Bai musa mini ba, ya tafi ya nemo mana ayarin wasu fatake masu kai gishiri da kanwa, domin a zamanin nan ba mai shiga daji da iyali shi kaɗai.

Daga bakin ganuwa gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Hanyar kuwa laka ce, wani wurin jaki ya nutse har gwiwa sai an ɗago shi. Yaron bai taɓa wuce gonar ubansa ba, saboda haka komai ya gani sai ya tambaya. Da muka iso wani gawo da ke tsaye ba ganye ko ɗaya, ya ce a tsaya, itacen nan ya mutu. Uban ya ce masa haka gawo yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Yaron ya daɗe yana waiwayensa, da alama bai yarda ba. Can gaba yarinyar ta hango hawainiya tana ƙetare hanya, tana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron ƙaya, ta kafe sai an sauke ta daga kan jaki. Madugu ya haɗe fuska saboda muna ɓata masa tafiya. Kafin azahar shi da kansa ne ya tsayar da jakuna don ya nuna wa yaran bushiya a gindin kalgo.

Abinci bai ba mu wahala ba. Nono ya yi arha sosai, shanu sun sami ciyawa, matan Fulani suna cika mana ƙwarya har yana zuba. Gero ne ya yi tsada, rumbuna sun kusa ƙarewa, don haka furar takan zo 'yar ƙarama a cikin nono mai yawa. Kaɗanya kuwa kyauta ce, tana nan zube a ƙarƙashin itatuwa, yaran suka sha har na ƙwace sauran. A ƙauyen da muka yada zango matar mai gari ta kawo mana tuwon dawa da miyar lalo, ta kuma ara mini busasshen zane, nawa ya jiƙe.

Inda tafiyar ta so ta tsaya shi ne wani rafi da ke gaba da ƙauyen. An yi ruwa a can sama, muka tarar ya cika, ja wur, yana tafe da rassan itace. Fatake suka sauke kaya, suka ce gishiri ba ya wasa da ruwa, za su zauna sai ya janye. Maigida ya dube ni. Na ce mu ga abin da masu fito za su ce. Babbansu ya yi ta kallon ruwan, sannan ya ce zuwa la'asar zai iya ƙetarar da mu, amma yara sai a masaki, wato babbar ƙwarya irin wadda mutum zai zauna a ciki.

Haka aka yi. Aka zaunar da su biyun a masaki ɗaya, mai fito ya shiga ruwa yana tura su, ni ina biye rungume da gora, wani yana jana, maigida da jaki suna bayanmu. A tsakiya ruwan ya fizgi masakin, ya juya shi, ya yi ƙasa da su. Ba addu'ar da na sani da ban karanta ba. Mai fiton bai saki ba, ya bi ruwan a karkace har ya kai su gaɓa, nesa kaɗan da inda aka nufa. Na fito, na tarar da yarinyar tana roƙon a sake mayar da ita.

Mun shiga Kebbe da hantsi washegari. Na sami tsohuwa a ƙuryar ɗaki. Ta gane muryata tun daga tsakar gida, amma da na tura mata yaran sai ta miƙa hannu tana lalube. Ta shafa kan yaron, ta ce angonta ya girma. Ta riƙe fuskar yarinyar da hannu biyu, ta kawo ta kusa da tata.

"Takwara, inuwarki kaɗai nika gani," in ji ta.

Matar ƙanena ta gaya mini tun da tsohuwar ta faɗi a bakin ƙofa farkon damina ba ta ƙara yarda ta fita ba. Na ɗauka mun makara.

Da safe, bayan an ɗan yi yayyafi, yaran suka shigo a guje. Sun ga wasu 'yan ƙwari ja kamar karan-miski a bayan gida.

"Kaka, taho ki gani."

Ta ce musu ba ta gani. Ba su saurare ta ba. Ɗaya ya kama hannun dama, ɗaya na hagu, suka yi ta ja har ta miƙe. Na bi su a baya ban hana ba. A fili, rana ta fito sosai, yarinyar ta ɗora ƙwaron a tafin hannunta ta ɗaga mata. Tsohuwa ta sunkuya ta daɗe.

"Ja ne," ta ce. Sannan ta ɗago kai ta tsura wa yarinyar ido a cikin hasken nan. "Ashe wushirya gare ki, irin tawa."

Daga ranar kullum sai sun fita da ita bakin fadama. Su suna gaya mata abin da suka gani, ita tana gaya musu sunan kowane tsuntsu daga jin kukansa, da ganyen da ake ci da wanda ba a taɓawa, daga jin ƙanshinsa.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Rafin ya janye, muka ƙetare da ƙafa, abin da ya ɓata wa yarinyar rai ƙwarai. Mun iso Tambuwal lafiya, jaki ya rame, yaran sun yi baƙi, ni kuma na ƙara sanin cewa abin da ya shafi iyaye ba a ajiye shi sai lokaci ya yi daɗi. Yara ma sun fi ƙarfin yadda muke zato, in aka fita da su. Yanzu yarinyar ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, takan rufe ido a tsakar gida tana sauraron tsuntsaye, wai haka Kaka take yi. Jiya ta yi karo da randa. Ta tashi ta kaɗe zanenta, ta ce mini mai kukan nan kurciya ce.