Kukan da Ban Yi wa Inna Ba

Na shafe shekaru ina ba mutane dariya a talabijin, kuma da kuka aka fi sanina. In wage baki, haɓa ta kama rawa, ido ɗaya a rufe, ɗaya yana leƙen ko an kula ni. Mutane sun ɗauka gwaninta ce. Ina! Wallahi haka nake kuka tun ina yarinya a Kademi. Darakta ne ya yi mini faɗa wata rana na fashe da shi, ya tafa hannu ya ce, “Yawwa! Wannan za ki riƙa yi mana.” Da shi na yi suna, da shi na je Makka.

Da damina Inna, mahaifiyata, ta rasu. Kafin in iso daga Kano har an kai ta. Na tarar da mata cike da tsakar gida, ƙanwata da ta yi jinyarta tana zaune idanu sun kumbura. Na samu gefen tabarma na zauna.

Wata mata daga Balan ta durƙusa gabana ta ce, “Hajiya, ya haƙuri?” Na buɗe baki zan amsa, sai idona ya faɗa kan butar Inna a bakin ƙofa. Haɓata ta fara rawa. Baiwar Allah nan ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna girgiza. Ta bayanta kuwa kasa riƙewa ta yi, ta tuntsire da dariya, ta tashi da gudu ta yi bayan rumbu.

“Haba, ku ji tsoron Allah!” in ji Goggo, ƙanwar babanmu. Ita ma dariyar take dannewa.

Raina ya ɓaci, kamar in tashi in kwashe su da mari. Amma me suka yi? Fuskar da na sayar musu ce suka gani. Nan take na ƙudurta a raina cewa ba za a sake yin dariya a zaman makokin Inna ba, ko zan mutu.

Na datse haƙora. Kwana uku ina zaune kamar turmi, ana gaisuwa ina cewa “Alhamdulillahi.” Babu inda zan ɓuya, kowane ɗaki baƙi, ko bayan gida na shiga akwai mai jira da buta. Ranar sadakar uku ana rabon gumba, har da masu matsowa a yi hoto. Mutum ya fi ɗari a gidan, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Da zan tafi, ƙanwata ta biyo ni zaure ta riƙe mini jaka.

“Yaya, kwana uku ina kallonki,” ta ce. “Ko ɗigon hawaye ba ki yi wa Inna ba. Ashe haka kika koma?”

Na so in gaya mata. Sai na ji haɓar ta fara, ga kuma masu rakiya tsaye a ƙofar gida suna kallona. Na karɓi jakata na ce, “Allah ya ba mu haƙuri,” na shige mota.

Har yau in na kira ta, gaisuwa ce kawai, sai ta ce tuwonta zai ƙone.