Ranar da Tsohuwa Ta Ƙi Mai Riƙo

Ni mutum ne mai riƙo a zuciya, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Matata takan ce da ana sayar da gaba a kasuwar Batsari, da ni ne babban dila. To, ta faɗi gaskiya, kuma abin da zan ba da labari yanzu ma ba tuba na zo yi ba.

Shekaruna na ƙarshe a bakin aiki na yi su ne a wata ƙungiyar manoma, ni ke kula da kwamfutocinta. Babban ofishinmu yana Batsari, reshe yana Safana. A ƙuryar ofishin Batsari akwai wata babbar kwamfuta baƙa, irin wadda ake kira saba, amma mu Tsohuwa muke ce mata. Aikinta na mai gadi ne da na mai unguwa a haɗe. Ita ta san sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa, ita ta san kowace kwamfuta tamu a ofisoshin biyu. In ka zauna da safe ka danna sunanka, kwamfutarka sai ta tambaye ta, in ta ce ta san ka ka shiga, in ta ce ba ta san ka ba, ko kai ne wa sai dai ka zauna kana kallon allo.

Ranar da aka kawo ta, ni da mai sito na Safana muka ɗauko ta daga mota. Mutumina ne ƙwarai, ɗan wani ƙauye kusa da Babban Duhu, dogo, mai dariya da dukan jikinsa. Bai taɓa riƙe kalmar sirrinsa mako guda ba. Kullum sai ya bugo mini waya, "Malam, tsohuwarka ta sake kore ni." Da na gaji sai na sa masa wadda ba zai manta ba, sunan jakin babansa, na hana ta canzawa. Ya yi dariya har ya ƙware.

Sai shekarun wahala suka zo. 'Yan bindiga suka hana noman gonakin nesa, mutanen Wagini da ƙauyukan yamma suka cika makarantun gari, man gas na janareta ya yi tsadar da sai an yi shawara kafin a tayar da shi. A cikin haka tsohon manajanmu ya rasu, aka ba mataimakinsa riƙon ƙwarya kafin dattawan kwamiti su tabbatar da shi. Mai riƙon nan yaro ne a kaina, mai son a gan shi, hularsa kullum a karkace. Babu abin da yake so a duniya kamar ranar da za a cire masa kalmar nan ta riƙo.

Tsohuwa kuwa ta fara tari. Aka sayo sabuwa, aka ce in mayar da aikin kanta kafin in yi ritaya, ita ma Tsohuwa a ajiye ta.

Wannan aikin yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar irin ta sarauta ce. Ba a tsige tsohuwa a naɗa sabuwa rana ɗaya. Ana kunna su tare, sabuwa ta koyi sunaye, tsohuwa ta miƙa mata muƙamanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi murabus da kanta, ta sanar da kowa cewa ta sauka. Na bayyana wa mai riƙo haka. Sunaye sun gama wucewa, saura miƙa muƙamai, sai ya shigo ɗakin ya ga fitilu biyu suna ƙyaftawa.

Ya ce, "Baba, man gas ɗin gidanku ne? Ga sabuwa tana aiki, wannan gawar me take ci mana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta sauka ba tukuna. A ba ni zuwa jibi."

Ya sunkuya ya fizge wayarta daga bango. Ya juya ga ma'aikatan da suka leƙo, ya ce ni da ita duk ɗaya muke, mun tsufa mun ƙi tashi, gara a kwashe mu tare. Wasu suka yi dariya, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya har yau.

Ya hana a sake kunna ta, don haka dole na sa sabuwa ta ƙwace muƙaman da ƙarfi. Ana iya yin haka, amma da sharaɗi guda. Wadda aka ƙwace wa ba ta san an ƙwace ba, ta kwanta tana sarauniya, in ta farka za ta tashi tana sarauniya, da sanin da ta kwanta da shi. Na same shi a ofis na faɗa masa a gaban magatakarda cewa kada a kuskura a sake jona ta da kwamfutocinmu, sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Ya ce ya ji, yana duba wayarsa.

Da zagin ne kawai, wataƙila da na haɗiye. Bayan kwanaki kaɗan, farkon damina, ya aiki mai sito ƙauyen Tsaskiya a kan babur da la'asar, ya dubo wani iri da aka ajiye. Kowa ya san ba a bin hanyar nan in rana ta karkata, saboda 'yan bindiga. Mai sito ya roƙi a bari sai safe, mai riƙo ya ce in tsoro yake ji ya ajiye makullin sito, akwai masu so. Ya tafi. Washegari mutanen ƙauye suka kawo gawarsa a amalanken shanu.

Ba a yi sadakar uku ba mai riƙo ya kira ni. Ya ce in goge wancan na Safana, in buɗe wa ƙanin matarsa suna, shi ne sabon mai sito. Wancan na Safana, haka ya ce. Bai je ta'aziyya ba, kuma daga ranar ban sake jin sunan mamacin a bakinsa ba. Ga dattawa kuwa cewa ya yi mutumin ya tafi harkar gabansa ne ƙaddara ta same shi. Na zauna gaban sabuwa na goge sunan abokina da hannuna. Ina gogewa ina rantsuwa a raina cewa kafin in bar ofishin nan sai mutumin nan ya faɗi sunan da bakinsa a gaban mutane. Yadda za a yi ban sani ba, amma na iya jira.

Damina ta wuce. Sai aka datse sabis ɗin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, reshen Safana ya daina jin Batsari. Suna ta lallaɓawa da abin da kwamfutocinsu suka riƙe, aiki yana tafiyar hawainiya. A lokacin ne dattawa suka sa ranar zama a Safana, bayan an fara shigo da wake, don su tabbatar da mai riƙo.

Mu a nan ba ma yar da abin da yake da sauran rai. Rigar wa ƙane ke gada, keken uba ɗa ke hawa, kujerar babban ofis in ta tsufa reshe ake kai wa, kuma reshe ya yi godiya. Mai riƙo ya tuna da Tsohuwa a ƙarƙashin tebur. Ya ce ga dabara, a kai wa Safana ita kyauta, su ma su sami tasu, a buɗe ta a gaban dattawa su ga irin tattalinsa. Ya dube ni ya ce, "Baba, ka goge mata ƙura, ko wannan ma sai jibi?"

Na riga na faɗa masa sau ɗaya a gaban shaida, kuma ba a ɗauke ni aikin maimaita wa kurma magana ba. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Na goge ta tas, har da ɗan tsumma mai laima, na naɗe ta da bargo don kada hanya ta jijjiga ta. Ban taɓa yi wa wani aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba.

Ranar zaman muka bi ayarin motoci da hantsi. An share ofishin Safana, an shimfiɗa darduma, an jera dattawa a kujerun roba. Shugaban kwamiti wani tsoho ne manomi, idonsa ya yi rauni, amma kunnensa ko na zomo albarka. Aka tayar da janareta, na jona Tsohuwa, ta yi ɗan tarinta, fitilarta ta kama. Wallahi sai da na ji kamar in gaishe ta.

Mai riƙo ya yi jawabi mai tsawo a kan rashin almubazzaranci. Sannan ya zauna gaban ɗaya daga kwamfutocin reshen ya gyara hula, ya danna sunansa da kalmarsa. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ai dole ta ƙi, domin tun da aka kwantar da Tsohuwa ya canza kalmarsa ba sau ɗaya ba, kwamfutocin ma kowace ta sabunta tata shaidar da sabuwa, ita kuwa tana nan a farkon damina. Ya koma kwamfuta ta biyu, ya koma ta uku. Ƙanin matarsa ya gwada, shi kam ba ta taɓa jin labarinsa ba ma. Ofishin da ke ɗingishi da safe ya tsaya cak, zufa ta jiƙa wa mai riƙo wuyan riga.

Ya ce, "Baba, me ke faruwa ne?"

Na ce, "Abin da na faɗa maka a gaban magatakarda ne, ranka ya daɗe." Magatakarda ya sunkuyar da kai.

Ya ce a nemo wata kwamfutar, ko wacce iri ce. Na ce akwai guda a sito. Na san tana can, domin ƙanin matarsa ya ƙi taɓa kayan mamaci, ya tura ta bayan buhuna ya rufe da leda, ba a kunna ta ba tun ranar da mai ita ya hau babur. Ita da Tsohuwa kusan tare suka kwanta, don haka sun san juna.

Aka kawo ta, aka kunna. Kwamfuta takan nuna sunan wanda ya zauna gabanta na ƙarshe. Sunan ya fito a tsakiyar allo, manya-manyan baƙaƙe. Na miƙa hannu ta kafaɗar mai riƙo na danna sunan jakin nan. Ta buɗe. A duk ofishin, mutum ɗaya Tsohuwa ta yarda ta sani.

Shugaba ya ji ɗakin ya yi tsit. Ya matso da kujerarsa ya ce, "To, ta karɓa ke nan. Wa ta karɓa? Manaja, idona ba ya kai wa, karanta mana."

Mai riƙo ya dube ni, ni kuwa na dubi silin. Shugaba ya ce, "Muna jinka, ɗana." Sai ya faɗa, can ƙasa-ƙasa. Shugaba ya ce bai ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, sunan da na mahaifi, har na bakin ƙofa suka ji.

Dattawa suka ce Allah ya jiƙansa, aka shafa. Shugaba ya ja carbinsa, sannan ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba, shin wa ma ya aiki yaron nan Tsaskiya da yamma. Wannan karon ba ni na amsa ba. Magatakarda ne, da mai gadi, da wata mata mai auna iri, kusan a tare.

Ba a tabbatar da shi ba, ranar ko bayanta. Na ji daɗi, daɗi mai yawa, na ci tuwon rana har da ƙari. Masu cewa rama cuta ga macuci ibada ne, ban san matsayin maganarsu wajen malamai ba, amma ranar na fahimce su.

Da aka watse, aiki ya rage nawa. Ba a barin wadda aka ƙwace wa sarauta da rai a cikin gari, dole a wanke ta tas kafin sabis ya dawo ta haɗu da sabuwa su rikita kowa. Na rufe ƙofa na zauna gabanta. Na buɗe sunayen, na gangara har na iske nasa, yana nan yadda na bar shi, mai sito, reshen Safana. A duk duniya nan ne kaɗai bai mutu ba tukuna. Na zauna da shi har aka kira la'asar, daidai lokacin da ya fita ranar.

Na je na yi salla, na dawo na goge shi karo na biyu. Wannan karon an riga an yi masa addu'a.