Firmin Mai Jan Wake

Firmin Delsuc bai taɓa cin abinci a zaune ba. Ko ranar aurensa a tsaye ya sha miya. Ya ce a yaƙi ya saba, lokacin da yake kofur yana tuƙa motar Janar Rochemure, wanda ba ya jiran kowa ya haɗiye loma.

Janar ɗan garinmu ne, ubansa mai gyaran agogo. Ya shiga soja da ƙuruciya, ya yi ta hawa a hankali, har ranar da ya tare Jamusawa a bakin wani kogi da sojojin da ba su kai rabin nasu ba. Daga nan sunansa ya shiga littattafan makaranta. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, Firmin ya biyo shi, ya auri Léonie, ya kama sana'ar cuku.

Duk Lahadi bayan coci sai Janar ya maimaita wannan yaƙin a kan tebur. Igiyar takalmi ce kogi, cokali gada, burodi kuma tsauni. Farin wake nasa ne. Jan wake, wato Jamusawa, na Firmin. Shekara goma sha ɗaya Firmin yana kai hari ta kan cokali ana fatattakarsa, har gari ya sa masa suna Bajamushe.

"Ga Bajamushena ya dawo," in ji Léonie. "Yau nawa suka mutu? Kawo gawarwakin in dafa."

Wata rana yana juya cuku sai ya tuna cewa ya taɓa wanke motar Janar a wannan kogin, can ƙasa da gada, inda ruwa bai kai gwiwa ba, kuma babu soja ko ɗaya da ke gadi. Ya gwada ƙetarawa da jan wake ta wannan wurin a gida, Léonie tana riƙe da farin wake. Sau uku yana cinye ta.

"To sai ka nuna masa," ta ce.

"In nuna masa me? Cewa sa'a ce kawai? Tsohon nan ba shi da komai sai kogin nan."

"Ni kuma na gaji da auren wanda ake kora duk mako."

Ina wurin ranar Lahadin. Firmin ya ɗauki jan wake ɗaya, ya wuce cokali, ya bi igiya har kusan ƙarshenta, ya tsaya. Janar ya dubi waken, ya dubi Firmin.

"Kofur, a nan ka wanke mota ko?"

"A nan ne, ranka ya daɗe."

"Na ga ƙafar wandonka ranar. Jiƙewar ba ta kai gwiwa ba. Kwana uku abinci bai shiga bakina ba, don tsoron kada Jamusawa su gano wurin." Ya gyara zama. "To, ƙetara mana."

Firmin ya ajiye waken daidai kan igiya, ya ɗauki hularsa.

"Ranka ya daɗe, na bar cuku ban juya ba. Sai Lahadi."

Janar ya hana a taɓa teburin, ya koma cin abinci a kicin. Lahadin da ta biyo, Firmin ya ce bayansa ke ciwo, ba zai iya yaƙin wake ba. Ta gaba kuma saniya ce ta haihu. Yana zuwa dai, su sha kofi, su yi hirar ruwan sama. Da bazara muka binne Janar, waken yana nan tsakiyar kogi.