Mai Kiran Tsohuwa Tsumma

Wallahi ku zo ku ga wani mutum a ofishin da na zo karɓar takarda. Gajere ne, tumbi ya ɗage masa riga, sai kaɗa ƙaton agogo yake kamar a kansa aka fara saye. Kuma fa ba shi ne oga ba, shugaban masu shara ne kawai.

Ga wata tsohuwa tana goge ƙasa, a haife ta haife shi, amma "Ke Tsumma!" yake kiranta. Inda ta gama gogewa nan yake watsa ragowar shayinsa, ya ce, "Tsumma, makancewa kika yi?" Ita kuwa har ƙasa take durƙusawa, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe," don shi ke faɗin wanda zai dawo aiki gobe.

Oga na kiransa a waya, zumbur ya miƙe yana "yallaɓai, yallaɓai". Mtsw! Na rantse wannan a gidansa ko kyanwa ba ta tsoronsa.

Da ta matso kusa da ni na ce, "Mama, ya sunanki?"

Ta saci kallonsa, ta rage murya. "Ki ce Tsumma kawai, 'yata. Yana jinmu."