Dabarar Dutse Ta Kunyata Ni a Kambodiya

Karnuka biyar ne suka tare ni a bakin wani tsohon kango cikin kurmin Kambodiya, bayan abokan tafiyata sun yi gaba.

Na yi abin da muke yi a Kwandiko, na sunkuya kamar zan ɗauki dutse.

Wallahi maimakon su watse, sai suka rugo kaina! Na kama kalmar shahada.

Ɗan rakiyarmu ya dawo da gudu yana ihu: "Miƙe! A nan duk wanda ya sunkuya, abinci zai ba su!"

Na ce, "A garinmu jifa ne!"

Ashe karnukanmu ma mu muka koya musu tsoro. Ku fa, wace dabarar gida ce ta taɓa juye muku a ƙasar wasu?