Gwiwar Hannun Kafinta

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana aiki a ɗakin gashi na asibiti, inda ake kai waɗanda karaya ko shanyewar jiki ta bar musu gaɓa a sandare, amma da wuya ka sami wanda ya san sunanta na yanka. Ƙara-Kaɗan ake ce mata, don duk inda ka kai hannunka kana haki, abin da za ka ji daga bakinta ke nan. Ba likita ba ce, ko takardar nas ba ta da ita. Shara aka ɗauke ta yi. Sai likitan ɗakin ya lura idonta ya fi zama a kan hannunsa fiye da kan tsintsiya, ran nan ya ce ta ajiye tsintsiyar ta zo ta riƙe masa ƙafar wani tsoho.

Har yau, da ta tsufa ta bar aiki, in ta ji warin man zafi sai ɗakin ya dawo mata: gadaje uku masu katifar leda, tukunyar ruwan zafi da ake tsoma tawul, jakunkunan yashi, da dogon madubi mai tsage a gefe. Tana kewar wurin ƙwarai, har da ihun mutanensa.

Likita yana da sunayen motsi na Turanci masu tsawo, in ya faɗa sai mara lafiya ya zuba masa ido kawai. Ita kuwa a wurinta motsin gaɓa duka bai wuce lanƙwasawa da miƙewa, warewa da tsukewa, sai juyawa ba, kuma kowanne ta nemo masa aikin gida. In ana son gwiwa ta lanƙwashe sai ta ce, "Baba, surukinka ne ya shigo, durƙusa masa." In kafaɗa ce, "Inna, ɗauko min kwanon can a saman kabad." Wuyan hannu kuwa wanki take ba shi ya matse. Mutum yana dariya bai ankara ba ya yi abin da ya rantse ba zai iya ba.

Takan koya wa sababbin ma'aikata cewa tsoka ba ta iya turi ba, ja kawai ta sani. Ta gaban damtse ta ja hannu ya lanƙwashe, ta baya ta ja ya miƙe, in ɗaya ta yi lalaci ɗayar ta ci gari. Gaɓa kuma ƙyaure ce, ka bar ta a rufe wata biyu sai ta ƙi buɗuwa. Saboda haka ba ta da tausayi a bakin aiki, ko kuma a ce tausayinta ke nan. Ƙarti sun yi kuka a hannunta, sun zage ta, bayan wata uku sun dawo da ƙafarsu suna sa mata albarka.

Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyin magana, wanda ƙusa ta taɓa shige masa tafin ƙafa ya zare ta da kansa ya ci gaba da aiki. Da zarto da guduma ya ciyar da 'ya'ya biyar. Wata safiya yana ɗora katakon rufi a wani gini tsani ya zame, ya faɗo a kan hannun dama, ƙashi ya karye dab da gwiwar hannu. Aka ɗaura masa filastan nan mai tauri har mako shida. Ranar da aka yanke shi hannun ya fito a rame, a lanƙwashe, bai miƙewa bai kuma kai loma baki.

Likita ya duba ya ce, "Ƙashi ya haɗe. Saura aikinki, kin fi kowa saninsa. Sau uku a rana. Ki yi masa a gida, ba sai ya zo ya bi layi ba."

Alheri ya yi nufi, kuma ita ma har godiya ta yi.

Washegari ta ɗumama tawul, ta zaunar da maigidan a bakin gado, ta tallafi damtsen da hannu ɗaya, ta kama wuyan hannun ta fara ja a hankali. Ta ji inda gaɓar ta tsaya, ta san nan ne aikin yake farawa. Ta ƙara. Bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Hawaye ne kawai suka gangaro masa cikin gemu.

"Uwar yara," ya ce, "a bar shi haka yau. Gobe ma rana ce."

Da a gadon leda yake, da ta ce masa gobe ta masu lafiya ce. Amma wannan fuskar shekara talatin tana kallonta, ba ta taɓa ganin ruwa a kanta ba. Ta saki hannun. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Gobe ta zo, jibi ta zo. Kullum sai ta ja har inda zafi ya fara, ta tsaya, ta koma shafa mai da tausa, abin da ke da daɗi amma bai buɗe gaɓa. Ta sani sarai. Da rana tana asibiti tana murɗa hannun mijin wata, da yamma tana gida tana lallashin na mijinta. In likita ya ce, "Yaya kafintanmu?" sai ta ce da sauƙi, ta sami abin yi a wajen tukunya.

Wata huɗu aka yi haka. Ran nan ƙafar wani benci ta karye a ɗakin gashin, likita ya aika a kira maigidan. Ya zo, ya durƙusa, ya ɗauki guduma da hagu. Likita ya tsaya yana kallo, sannan ya ce ya hau gado. Ya auna lanƙwasar, ya auna miƙewar. Da ya ɗago, ita ya kalla.

"Sau nawa a rana?"

Kafin ta haɗa kalma maigidan ya riga ta.

"Likita, ta yi iya yinta. Ni ne da taurin kai, da ta kama sai in fizge."

Ko sau ɗaya bai taɓa fizgewa ba.

Aka mai da shi layi kamar kowa, wata ma'aikaciya ta karɓe shi, ya sha azabar da aka yi ta ɗaga masa. An ɗan samu, hannun ya kai baki, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bai ƙara miƙewa yadda zai ja zarto ba. Ya bar hawa rufi, ya bar ƙofofi da gadaje, ya koma 'yan kujerun tsuguno da gyaran aljihun tebur a ƙofar gida, da hagu, a hankali. Bai taɓa yi mata gori ba, ko da fuska.

Mutane kuwa ba sa barin tambaya. Duk wanda ya kawo gyara sai ya dubi hannun ya ce, "Ashe ba iyalinka ce a ɗakin gashi ba?" Shi kuma ya ba da amsar da ya ba likita, yana murmushi, wani lokaci tana tsaye a bayan labule da ruwan shansa a hannu. Shekara goma sha tara yana ɗaukar mata wannan laifin, tana ji tana shiru, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ta shirya faɗin gaskiya ga duk wanda ya tambaya. Sai dai waɗanda suka san hannun sun ƙare, ba mai tambaya.